Dutsen Kuza, Dajin Gwanki: Yadda Tarihi Ya Gina Jejin Kudancin Kano

Duk wanda ya buɗe taswirar Jihar Kano zai lura da wani siririn yanki da ya zura ƙafa can kudu, ya kutsa tsakanin jihohin Kaduna da Bauchi kamar bakin mashi. Nan ne ƙasar Tudun Wada da Doguwa. Matafiyin da ya baro birni ya saki hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora, ya ratsa Tudun Wadan Ɗankadai, ba zai jima ba sai ya ga gonaki sun ja baya, itatuwan doka da maɗaci da kawo sun haɗa kai, iska ta sauya. Ya shiga dajin Falgore ke nan. Idan ya fita daga dajin ya ƙara gaba, sai duwatsu su tare masa ido: duwatsun Riruwai, masu tsayin fiye da mita 1,000 daga doron teku, waɗanda babu inda ya kai su tudu a duk faɗin jihar.

Ƙasar Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma tun ƙarnoni da dama. A kewayen birni da wuya ka sami taku ɗari na ƙasar da fartanya ba ta taɓa ba. To yaya aka yi jeji mai faɗin hekta 92,000 ya tsira a gefen irin wannan ƙasa, har da gwanki da ɓauna da damisa a cikinsa? Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce Turawa ne suka killace shi. Gaskiya ne sun killace, amma abin da suka tarar suka shata wa iyaka. Dutse da yaƙi da ƙuda ne suka tsare wannan jeji kafin takarda ta zo, kuma sanin yadda suka tsare shi ne zai nuna mana dalilin da ya sa takardar ita kaɗai ta gaza.

Dutsen da ya rufta cikin kansa

Riruwai tana kimanin kilomita 140 kudu da birnin Kano idan aka auna a miƙe. Duwatsunta ba irin fayafayen da aka saba gani ba ne a Rano ko Ƙaraye. Saiwar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya yi zamaninsa shekaru wajen miliyan 170 da suka wuce. Bayan ya amayar da abin da ke cikinsa, sai rufinsa ya rufta, ƙasa ta tsage a zagaye, narkakken dutse ya taso ta cikin tsagar ya daskare. Ruwa da iska suka yi ta zaizayar saman har miliyoyin shekaru, suka bar zoben duwatsu mai faɗin fiye da kilomita 15, wanda hoton tauraron ɗan'adam ke nunawa kamar tambarin da aka buga a kan ƙasa.

Riruwai ba ita kaɗai ba ce. Akwai irin waɗannan zobba fiye da 50 a Najeriya, kuma jerinsu ya miƙe tun daga duwatsun Azbin a Nijar, ya bi ta Damagaram, ya sauko ta Dutse da Ningi da Jos har zuwa Afu kusa da kwarin Binuwai. Abin sha'awa a nan shi ne shekarunsu suna raguwa yayin da ake gangarowa kudu: na Azbin sun haura shekara miliyan 400, na Afu kuwa ba su wuce miliyan 140 da 'yan kai ba. Wutar ƙarƙashin ƙasa ta yi tafiyar ayari ne daga arewa zuwa kudu, tana yada zango, Riruwai kuma ɗaya ce daga zangunanta. Masana ilimin ƙasa na duniya sun san sunan garin fiye da yadda Kanawa da yawa suka san shi, domin tun a 1958 aka bayyana shi dalla-dalla a wani babban nazari da Ƙungiyar Masana Ilimin Ƙasa ta Landan ta wallafa a kan zobban duwatsun Arewacin Najeriya.

Wannan dutse ya bar wa ƙasar gado iri biyu. Na farko ma'adinai: ruwan zafi da ya ratsa shi lokacin da yake hucewa ya ajiye kuza da tutiya da wasu ma'adinai a cikin wata jijiya da ta miƙe gabas da yamma tsawon kilomita biyar, sannan a kwarin Kaffo akwai dutsen da ke ɗauke da niyobiyam da yuraniyam. Na biyu ruwa: tudun yana tare iskar damina, ruwan sama a nan ya kan haura milimita 1,000 a shekara, ya ɗara na birni nesa ba kusa ba. Daga gindin waɗannan tsaunuka da maƙwabtansu ƙoramu ke gangarowa, wasu suna zubowa daga kan dutse kamar yadda ake gani a Zainabi, su haɗu su zama Kogin Kano. Gadon farko ya jawo mutane. Gado na biyu ya raya daji. Tarihin yankin kusan duka kokawa ce tsakanin waɗannan biyu.

Maƙeran kuza

Tun kafin Bature ya san hanyar nan, mutanen Riruwai sun san baƙin yashi mai nauyi da ke kwanciya a gindin ƙorama. Suna tono shi, su wanke a ƙwarya har yashin banza ya tafi, su zuba a murhun yumɓu da gawayi, a yi ta zuga har ƙarfen ya narke. Sai a kwarara shi cikin 'yan ramuka sirara da aka yi da tsinken ciyawa, ya fito sanda-sanda kamar tsinke, a ɗaure dami-dami a ɗora wa fatake. Da shi maƙeran fari ke shafe kwanonin tagulla su yi fari fat, da shi ake yin zobe da kayan ado. Lokacin da Hugh Clapperton ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa kuza cikin hajar da ake sayarwa, ya kuma rubuta cewa a ƙasar ake samunta.

Sana'ar ba ta zauna wuri ɗaya ba. A cikin ƙarni na 19, rashin zaman lafiya ya tashi maƙeran, har cibiyar aikin ta koma wani gari a ƙasar Bauchi wanda ya ɗauki sunan na farko. Shi ya sa tsofaffin takardu ke ambaton Riruwai biyu: Riruwan Kano da Riruwan Dalma. Abin da ya tashi maƙeran shi ne kuma ya ba namun daji wuri.

Iyakar da babu mai kwana a cikinta

Wajen 1846, a zamanin Sarkin Kano Usman, wani malami mai suna Hamza ya bar Tsakuwa tare da almajiransa bayan saɓani da hukuma a kan haraji, ya shige duwatsun Ningi. A can ya haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse, waɗanda dama ba su miƙa wuya ga Bauchi ko Kano ba. Daga wannan haɗuwa aka sami daular Ningi, wadda ta shafe fiye da shekara 50 tana kai hari cikin ƙasashen Kano da Zazzau da Bauchi, musamman a zamanin Abubakar Ɗan Maje da Haruna. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya kashe shekaru masu yawa na mulkinsa yana fama da wannan iyaka, yana fita yaƙi, yana ƙarfafa garuruwan ribaɗi.

A irin wannan hali, manomi ba ya kwana a buɗaɗɗen fili. Ko dai ya shige gari mai ganuwa, ko ya hau dutse, ko ya yi ƙaura. Ƙasar da ke tsakanin masarautun uku da Ningi ta zama fagen da mahaya ke ratsawa, ba wurin da ake kafa rumbu ba. Gonakin da aka bari suka koma saura, saura ta koma kurmi. Inda itatuwa suka rufe bakin rafi kuwa, nan ne gidan ƙudan tsando, wanda ke ɗauke da sammore ga shanu da dawaki, da ciwon barci ga mutane. Gwanki da ɓauna da gadu sun saba da wannan cuta, tana cikin jininsu ba ta kayar da su. Saniyar Bafulatani kuwa ba ta jure ta. Saboda haka yaƙi ya kori manomi, ƙuda ya kori makiyayi, dabba ta gaji filin.

Ko annobar bushiya da ta iso ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891, wadda ta share mafi yawan shanun Fulani ta kuma taɓa ɓauna da gadu, ba ta karya wannan tsari ba. Namun daji sun farfaɗo a cikin jejin da babu garken da zai yi takara da su a kan ciyawa. Abin da Turawa suka tarar ke nan a farkon ƙarni na 20, suka ɗauka daji ne na fil'azal wanda ɗan'adam bai taɓa shiga ba, alhali kuwa kufai ne da ya yi gashi.

Mazauna jejin

Tsofaffin bayanan gandun sun lissafa gwanki, da kanki, da gwambaza, da ɓauna, da mazo, da gada, da gadu, da gwaggon biri, da jan biri, da dila, da kura, da damisa. Kowannensu yana da labari, amma huɗu daga halittun wannan sashe na ƙasa sun cancanci a dakata a kansu.

Gwanki shi ne sarkin wannan irin jeji. Babban namiji ya kan kai kilo 270, da ƙahoni masu lanƙwasa baya da fuska mai zanen fari da baƙi kamar wanda aka yi wa kwalliyar sallah. Ba a banza maharba suka yi masa kirari da sha-bara ba: idan aka raunata shi ya kan durƙusa a kan gwiwa ya fuskanci mai binsa, har zaki yana shakkar ƙahonsa. Amma duk ƙarfin nan nasa, dabba ce mai tsantseni wajen abinci. Yana son doguwar ciyawa da fili mai faɗi da ruwa kusa, kuma uwa tana ɓoye ɗanta a cikin ciyawa makonnin farko. Da zarar garken shanu ya aske ciyawar, ko gobarar rani ta cinye ta, ɗan ya rasa maɓoya. Gwanki ya kan ɓace daga jeji tun kafin a harbe na ƙarshe.

Sai gadar dutse, wadda ita ce mafi ƙaranci a cikinsu duka. 'Yar ƙaramar dabba ce da tsayinta bai wuce santimita 60 ba, tana tafiya a kan tsinin kofatonta kamar mai sanɗa, tana iya tattara ƙafafu huɗu a kan ɗan tudun da bai fi tafin hannu ba. Gashinta holoƙo ne a ciki, yana kare ta daga zafin dutse da sanyin hunturu. Namiji da mace suna zama tare shekara da shekaru, ɗaya na kiwo ɗaya na gadi, in sun hango haɗari su yi fito bi da bi. Yawancin 'yan'uwanta suna gabashi da kudancin Afirka. A Afirka ta Yamma, an fi sanin ta a tsaunukan Jos da duwatsun da ke kewaye da su, har da gandun Lame-Burra na Bauchi wanda ya yi kafaɗa da Falgore. An bayyana wannan jinsi nata ga masana a 1911, kuma yau hukumar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Kowane dutse tsibiri ne a wurinta. In aka kashe na kan wani dutse, babu hanyar da wasu za su bi su maye gurbi, domin gonaki sun raba duwatsun.

A kan waɗannan duwatsu kuma ake samun rema, wadda wasu ke kira agwada. Mai kallonta zai rantse 'yar'uwar gafiya ce ko zomo. Amma binciken ƙashi da na ƙwayoyin halitta ya nuna cewa danginta na kusa a cikin dabbobin da ke raye su ne giwa da ayu. Haƙoranta biyu na sama 'yan ƙananan haure ne da ba sa daina tsiro, tafin ƙafarta kuma yana da danshi da taushi, shi ke riƙe ta a kan santsin dutse. Giwa ta bar ƙasar Kano, amma 'yar'uwarta mai kilo huɗu tana nan tana shan hantsi.

Na huɗu shi ne burtu, baƙin tsuntsu mai girman talotalo, mai yawo a ƙasa bibbiyu, namiji da jan maƙoshi, mace da shuɗi. Kowane Bahaushe ya san sunansa saboda dabarar maharba: a ɗaura kan burtu a goshi, a lulluɓa da baƙin zane, a yi rarrafe ana kwaikwayon tafiyarsa har a kusanci nama, domin dabbobi ba sa gudunsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne jinkirin haihuwarsa. Yana buƙatar kogon babbar bishiya don yin sheƙa, kuma ko ya yi ƙwai biyu, ɗa ɗaya ya kan raya. Mai yin gawayi da ya kayar da tsohon maɗaci ɗaya ya rushe gidan da aka yi shekaru ana haihuwa a ciki. A 2018 IUCN ta ɗaga matsayinsa zuwa sahun masu rauni.

Duwatsun wannan yanki ba su gama bayyana abin da suke ɓoye ba. A 1998 wani masanin tsuntsaye Ba'amurke, Robert Payne, ya bayyana wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun Jos wanda kimiyya ba ta san da shi ba. Hanyar da aka bi aka gano shi ita ce abin mamaki: akwai wani tsuntsun da ke ajiye ƙwansa a sheƙar wani, ɗansa kuma ya tashi yana rera kukan mai riƙonsa. Da aka ji yana kwaikwayon kukan da ba a san mai shi ba, sai aka bi sawu har aka sami mai kukan. Idan haka ta faru a gefen Jos mai jami'a da masu bincike, mai karatu ya auna abin da ka iya kasancewa a kwazazzaban Riruwai.

Zuwan kamfanoni

Tsinken kuzar maƙera shi ya yi wa Turawa jagora. Tun a shekarun 1880 jami'an kamfanin da ya zama Royal Niger Company suka ga ana cinikinsa a bakin Binuwai, suka shiga tambayar inda yake fitowa. A 1902 da 1903 kamfanin ya tura masu bincike, ciki har da Henry Laws, suka bi sawu har tsaunukan Jos. A daidai lokacin sojojin Ingila suka karya Ningi a 1902, suka fasa ganuwar Bebeji a kan hanyarsu, suka ci Kano a watan Fabrairun 1903. Iyakar da ta hana kwana ta mutu. Kafin 1912 kamfanonin Landan da dama sun yanki filayen kuza, ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Rahama a shekarar, ya kai Jos a 1914.

Maƙeran gargajiya su ne suka fara shan kashi. Dokar ma'adinai ta mallaka wa gwamnati abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kamfanin Neja kuma ya sami rabin kuɗin haƙƙin ma'adinai bisa yarjejeniyar da aka yi lokacin da ya miƙa mulki. Filayen da maƙera ke tono suka shiga hannun masu lasisi, ba a jima ba murahun suka mutu. Ƙasar da ta narka kuzarta da kanta ta koma tura ɗanyen yashi Ingila, har farkon shekarun 1960 da aka buɗe masana'antar narka kuza a Jos.

Ga daji kuwa, bariki wani sabon maƙwabci ne mai ci. Lebura na buƙatar itacen girki, da azara, da nama. Ana karkatar da ƙorama don wanke ƙasa, ana barin kududdufai. Nauyin ya tsananta a Yaƙin Duniya na Biyu: da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar majiyar kuzarta, sai aka ƙaƙaba aikin tilas, wanda mutane suka kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa filayen kuza, da yawa ba su komo ba. Bayan yaƙi sai kasuwar kwalambait ta tashi a farkon shekarun 1950, lokacin da Amurka ke tara shi don injinan jiragen sama, Najeriya kuwa ita ce ke samar da mafi yawan abin da duniya ke saye.

A gefe guda kuma hukuma ta ɗaura yaƙi da ƙudan tsando. A Anchau ta ƙasar Zazzau, yamma da Riruwai, an fara wani babban shiri a ƙarshen shekarun 1930: aka sassare itatuwan bakin rafuka, aka sake tsugunar da jama'a, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Daga baya feshin magani ya ƙarasa aikin a sassa da yawa na Arewa. Wannan rahama ce ga mutane da dabbobinsu, babu mai musu. Amma da yaƙi ya ƙare, ƙuda ya ja baya, masu gadin jejin biyu sun tafi ke nan.

Takarda a madadin ƙuda

A shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta killace jejin da sunan gandun dajin Kogin Kano. Sunan kansa ya faɗi manufar: kare kan kogi. A ƙarshen shekarun 1960, bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967 ƙarƙashin Audu Bako, aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji, daga baya ya ɗauki sunan Falgore. Ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Gwamnatin Audu Bako ita ce kuma ta gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan biyu, tafkinta kuma shi ne iyakar gandun ta arewa.

A daidai wannan zamani aka yi yunƙuri mafi girma a kan dutsen. Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1972, ta shiga aikin haƙa rami mai zurfi don bin jijiyar nan ta kuza da tutiya a ƙarƙashin ƙasa, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da kusan duk kuzarta daga yashin ƙorama ake wanko ta. An kashe kuɗi, an kafa injuna, amma aikin ya tsaya a shekarun 1980 kafin ya kankama. A watan Oktoban 1985 Majalisar Kuza ta Duniya ta durƙushe, farashi ya faɗi warwas, ya rufe ƙofar komawa. Abin da ya rage shi ne masu tono da diga da shebur, suna shiga loto da ransu a hannu.

Gandun shi ma bai sami abin da ya maye gurbin tsofaffin masu gadinsa ba. Titin Kano zuwa Jos ya ratsa tsakiyarsa. Farin shekarun 1970 da 1980 ya turo makiyaya kudu. Masarar Doguwa da Tudun Wada ta yi kasuwa, gonaki suka matso har bakin iyaka. Birni ya girma, yana neman itace da gawayi. Bindiga ta maye gurbin kwari da baka. Manyan dabbobin suka yi ta raguwa har gwanki da ɓauna suka koma labarin dattawa. Ba Falgore kaɗai ba ce: wani binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne kawai, na Najeriya kuma sai a Yankari da Kainji.

Daga nan sai tarihi ya yi wata juyawa mai ɗaci. Wajen 2015 sunan Falgore ya koma na maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani sashensa filin atisaye. Tsoro ya sake korar mutane daga jejin, kamar zamanin Ningi. Sai dai wannan karon tsoron bai amfani dabba ba. Mahayin ƙarni na 19 ratsawa yake yi ya wuce. Ɗan bindigar yau zama yake yi a ciki, da garken sata da makamin da ya fi na ma'aikacin gandu, kuma mutumin farko da yake kora shi ne mai gadin dajin.

Abin da ke kan faifai

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙara gandaye goma cikin manyan gandayen ƙasa, Falgore na cikinsu. Mataki ne mai kyau, amma wannan jeji ya riga ya ga takardu biyu kafin wannan. Darasin tarihinsa shi ne bai taɓa tsira don an rubuta sunansa ba. Ya tsira ne lokacin da shigarsa ke da tsada. A da, tsadar ita ce mashi da sammore, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan dawowarsu. Yanzu dole a gina tsadar da hannu: ma'aikatan gandu masu albashi da kayan aiki, ƙidayar abin da ya rage a jeji da kan duwatsu, burtali da mashaya ga makiyayi a wajen iyaka, da rabo na zahiri ga garuruwan da ke kewaye, domin wanda ba ya cin moriyar daji a tsaye zai ci moriyarsa a kwance. Haka kuma duk lasisin ma'adinai da za a bayar a Riruwai, yanzu da duniya ta sake waiwayar kuza saboda kayan lantarki, ya kamata a fara tambayar inda ruwan wankinsa zai zuba.

Mai karatu da ke zaune a Nasarawa ko Gwale zai iya cewa ina ruwansa da gadar dutse. Ruwansa kuwa shi ne maganar. Itatuwan Falgore ne ke riƙe ƙasar da, in ta saki, za ta gangara ta cike Tiga da laka. Daga Tiga ruwa ke zuwa gonakin shinkafa da tumatir da alkama na Kadawa da Kura da Bunkure, daga Kogin Kano matatar Tamburawa ke ɗiban abin da ake turo wa birni, ragowar kuma ta bi ta Haɗeja da Nguru ta nufi Tafkin Chadi. Gwanki da burtu ma'auni ne: inda suka iya rayuwa, akwai doguwar ciyawa da manyan itatuwa, inda kuwa waɗannan suke, ƙorama ba ta ƙafewa da wuri. Ɓacewarsu sanarwa ce da ta riga ƙarancin ruwa isowa, kuma an daɗe da yin ta.